Hukuncin Tura Iyali Arewa a Motar Kaya Lokacin Kullen Korona

Tambaya (an yi ta ne lokacin kullen korona na shekarar 2020): Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Agege da ke jihar Legas, ina zaune a ɗaki ɗaya da maiɗakina da 'ya'ya biyar. Tun da aka sa dokar kulle ɗinki ya tsaya, abinci ya yi ƙaranci, yara kuma sun dame ni da faɗa. Wani direba mai kawo tumatir kasuwar Mile 12 ya ce zai ɓoye su a motarsa ya kai su wurin iyayena a Kano. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan ƙunci. Abin da nake gani shi ne bai halatta ka tura su ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama bin Zaid cewa Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla, ya kuma hana waɗanda ke cikinta fita domin gudunta. Da wannan hukunci Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin annobar Amwas, ya juya daga hanyar Sham bayan Abdurrahman bin Auf ya sanar da shi hadisin. Gaskiya ne malamai sun yi rangwame ga wanda wata buƙata ta fitar da shi, ba gudun cuta ba, kuma na yarda yunwa ce ta sa ka wannan tunani. Sai dai rangwamen yana faɗuwa idan fitar za ta cutar da wasu, saboda ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa". A Legas aka fara tabbatar da wannan cuta a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma likitoci sun bayyana cewa mutum na iya ɗauke da ita har kwana 14 bai nuna alama ba, tsofaffi kuma su ta fi yi wa illa. Yaron da ka tura yana wasa lafiya lau, shi ne zai je ya zauna a cinyar kakarsa. Ƙari a kan haka, hukuma ta rufe shiga da fita daga jihar tun daren 30 ga Maris na 2020, motocin abinci da na sauran muhimman buƙatu kawai aka ƙyale, bin ta a nan wajibi ne bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Ballantana a cusa mace da ƙananan yara cikin kwandunan tumatir tafiyar kusan kilomita 1,000, ana ba da cin hanci a kowane shinge.

Batun ciyarwa kuwa, Allah bai ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka ba, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta bayyana. A wannan hali zakka ta halatta gare ka, don haka kada kunya ta hana ka sanar da limamin unguwa ko fadar Sarkin Hausawa. Masu hali a cikinmu kuma su sani maƙwabcin da ke kwana da yunwa haƙƙi ne a wuyansu.

Zaman ɗaki ɗaya shi ne inda na fi jin tsoro. A rataya labule ko zane tsakanin shimfiɗarku da ta yara, a raba makwancin waɗanda suka kai shekara goma, maza gefe, mata gefe, a koya musu neman izini a lokuta ukun da aya ta 58 a Suratun Nur ta ambata. Ka zama limaminsu a salloli biyar, ranar Juma'a, muddin ana cikin kullen, ku yi Azahar raka'a huɗu, domin a mazhabar Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai a masallaci. Bayan Asuba kowa ya ɗauki allonsa. Dukan yaro domin huce haushin rashin kuɗi zalunci ne, ba tarbiyya ba, haka ma sauke fushi a kan uwarsu, wadda ita ma kullen ya rutsa da ita. Idan ranka ya ɓaci ka yi alwala, ka zauna a bakin ƙofa har ka huce.

Wallahu a'alam.