Shafi huɗu na jawabin tsoho

Ɗana, na karanta fitowa ta uku ta labarinka na zane da ka kawo mini, na kuma ji tambayarka: me ya sa masu karatu ke cewa labarin ya yi sanyi, alhali a nan ne ka warware musu asalin aljanun gidan da dokokinsu? To, warwarar ce ta sanyaya shi. Buɗe shafi na 9 zuwa na 12 ka gani. Tsoho na zaune, yarinya na tsaye, akwatin zane ashirin da huɗu ba wanda ya motsa. Ka sha wahalar zana fuskar tsohon nan sau da yawa, amma idon mai karatu tsalle kawai yake yi daga rubutu zuwa rubutu, ko kallonta bai yi ba.

A sana'ar nan tamu, da fili ake auna lokaci. Babban akwati marar magana yana tsayar da ido, ƙanana a jere suna sa shi gudu, rubutu kuwa birki ne. Fitowar wata-wata irin ta Amurka yawanci shafi 20 zuwa 22 ce, ka ga kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da mutum ya jira wata guda ya tafi a jawabi. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake dangantawa da Mort Weisinger, tsohon editan kamfanin labaran zane na DC: a shafi mai akwati shida, kada akwati ya wuce kalma 35, wato 210 a shafi. Ba dole ka bi ta sau da ƙafa ba, amma na ƙirga shafinka na 10, ya haura 300.

Abin da ya fi damuna shi ne ka kashe tsoron da hannunka. A fitowa ta farko, da inuwar nan ta gilma a bayan labule, tsigar jikina ta tashi, don ban san mene ne ba. Yanzu na san sunansa da na kakansa da shekarar da aka ɗaure shi, ya zama kamar maƙwabci.

Ɗauki dokarka guda, cewa aljanin ba ya shiga ɗakin da fitila ke ci. Ka riga ka sa tsohon ya faɗe ta a layi biyar. Cire su. Zana yarinyar a guje ta faɗa ɗaki, abin ya biyo ta, ya ja ya tsaya daidai inda haske ya ƙare. Akwati na gaba, ta kalli ƙafafunsa. Na gaba, ta kalli fitilar. Ba kalma ko ɗaya, amma mai karatu ya gano dokar da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya mantawa. Ranar da harshen fitilar ya soma rawa a fitowa ta biyar, gabansa zai faɗi tun kafin na yarinyar.

Ban ce ka daina bayani ɗungurungum ba. Wani abin sai an faɗa. Amma ka bari sai mai karatu ya ƙagu tukuna, sannan ka sa maganar a bakin wanda ba ya son faɗa, ana ciro ta daga gare shi da ƙyar, hannunsa na aiki, yana tushe ƙofa ko yana zuba mai a fitila. Tarihin shekara ɗari uku kuma ka bar shi a littafin ajiyarka. Na san ka yi watanni kana gina shi, na kuma san zafin ajiye shi, amma zai fito a yadda mutanenka ke jin tsoro ko ba ka rubuta ba.

Sai abu ɗaya. Ido yana ganin shafi biyu ne tare. Fuskar aljanin tana shafi na 13, na hannun dama, don haka mutum ya riga ya hango ta tun yana karanta na 12. Mayar da ita shafi na 14, ka rufe na 13 da hannun yarinyar a kan labule, sai an juya takarda a gan ta. Je ka tsara shafukan nan da fensir, ƙanana-ƙanana, ka kawo mini kafin ka taɓa tawada.