Tambaya da Amsa: Ajin Turanci da Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Waje

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, duk daga jihar Sakkwato. Mun taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Salama a gare ku. Na gama NCE a fannin Turanci, ina cikin ƙungiyar matasa ta majami'armu. Ina jin kira zuwa aikin bishara a ƙasar waje, kuma an ce mini koyar da Turanci ita ce ƙofa mafi sauƙi. Wace ƙasa zan nufa, wane shiri zan yi? Ɗan'uwanku daga Mabera.

AMSA: Salama, ɗan'uwa. Labarin da ka ji yawanci na Turawan mishan ne masu zuwa Koriya ta Kudu, Japan ko Tailan, kuma fasfo ɗinsu ba irin naka ba ne. Bizar malaman Turanci ta Koriya ta Kudu, wadda ake kira E-2, akasari 'yan ƙasashe bakwai ake ba: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki. Inda ake karɓar ɗan Najeriya kuwa, digiri suke nema, NCE kaɗai ba ta isa, sannan a haɗa da takardar koyar da Turanci ga baƙin harshe ta awa 120. Wadda ta fi ƙima ita ce CELTA ta Jami'ar Kambirij: mako huɗu idan cikakken lokaci ne, da awa shida na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai duba ka. Duk dillalin da ya ce ka biya shi kuɗi ya samo maka aiki da biza ba tare da waɗannan ba, ka riƙe aljihunka.

Sai doka. Bizar malami daban, izinin wa'azi daban. A Maroko, sashe na 220 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara uku ga mai neman karkatar da Musulmi daga addininsa. Aljeriya ta yi tata dokar a 2006, Rasha ta ƙuntata aikin mishan a 2016. Wanda ya shiga irin waɗannan ƙasashe da sunan malami ya mai da aji wurin wa'azi, shi korarsa za a yi ya dawo gida. Ɗalibansa da masu bi 'yan ƙasar da suka karɓe shi su ne za su zauna da 'yan sanda. Ba ma ba kowa shawarar wannan hanya.

Ƙasar wajen da ta fi kusa da kai tana bayan Illela. Ka bi ta Kware da Gwadabawa, ka tsallaka Ƙonni, ka shiga Nijar, inda Hausarka ta riga ta share maka rabin hanya. 'Yan kasuwa masu sari a Najeriya da ɗalibai masu neman jami'o'inmu suna buƙatar Turanci, kuma tsarin mulkin da aka kafa a 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Ba fili ne da babu kowa ba: ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi tun 1950, akwai kuma ikilisiyoyin 'yan ƙasa irin su EERN masu fastocinsu da dattawansu. A ƙarƙashinsu za ka zauna, su ne za su gaya maka unguwar da za ka kama haya da garin da ba a zuwa. Ka ji maganarsu, domin an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, an kuma sace wani Ba'amurke ɗan mishan a Abalak a 2016, ya shekara shida a hannu.

Kafin ka ɗaure kaya ka riƙe takardu uku: wasiƙar aikawa daga ikilisiyarka ko hukumar bishararta (ga 'yan ECWA ita ce EMS, wadda ta faro a 1948), wasiƙar gayyata daga masu masaukinka, da yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya haya, abinci da magani. Ka haɗa da fasfo, katin rigakafin shawara, da allurar sanƙarau idan tafiyar ta faɗo a bazara. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka tambayi ƙa'idar zama ta yanzu a ofishin shige da fice, kada ka dogara da abin da direba ya faɗa maka a tasha.

TAMBAYA: Wata ikilisiya a Maraɗi ta gayyace ni da maigidana mu koyar da manya Turanci na wata shida, da labaran Littafi Mai Tsarki. Na saba da 'yan firamare ne kawai. Yaya ake tsara darasin? Malama daga Unguwar Rogo.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Abu na farko shi ne sanarwa. A takardar da za a manna da kuma bakin mai shela, a faɗa ƙarara cewa ikilisiya ce ta shirya ajin, kuma za a riƙa karanta labarai daga Littafi Mai Tsarki. Ranar rajista ki sake faɗa da Hausa. Wanda ya zauna bayan haka, da saninsa ya zauna.

Ranar rajistar ce kuma ranar gwaji. Ki ba kowa minti biyar: ki gaishe shi da Turanci, ki tambayi sunansa da aikinsa, ki ba shi layi uku ya karanta. Za su rabu gida biyu, waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, suka iya haruffan boko, da waɗanda ba su iya ba. Kada ki haɗa su. Wannan haɗin shi ya fi kashe aji: mai sauri ya gaji da jira, mai nawa ya ji kunya, kafin mako na huɗu ki ga kujeru sun fi mutane. Aji ɗaya kada ya wuce mutum 12. Tunda ku biyu ne, ke ki ɗauki mata, maigida ya ɗauki maza. Magidanta da yawa ba za su bar matansu su zo ba sai da haka. Lokacin da ya fi kamawa shi ne bayan la'asar, a tashi kafin magariba. A kauce wa ranar kasuwa, kuma idan azumi ya shigo a zauna da ɗalibai a sake lokaci.

Ki yi lissafin awa tun yanzu don kada ki yi alkawarin da ba zai cika ba. Sau uku a mako, minti 90 kowane zama, awa huɗu da rabi ke nan. A mako 24 ya kama awa 108. Masana koyar da harshe suna ƙiyasta kimanin awa 100 don matakin farko, kusan 200 don na biyu. Wato wanda ya fara daga babu, a wata shida zai iya gaisuwa, ciniki, faɗin lokaci, amsa waya da ba da gajeren labari. Ba zai iya rubuta jarrabawar shiga jami'a ba. Ki gaya musu haka.

Makonni shida na farko ba na nassi ba ne ga sababbin shiga. Lambobi, farashi, ranaku, sassan jiki, yadda ake bayyana ciwo a asibiti. Sai sun tara kalmomi sannan labari ya shigo. Idan ya shigo, ki ajiye fassarar King James ta 1611 a gida, duk da ita muka saba ji a majami'a. Ɗalibin da ya koyi "thou" da "saith" ba shi da inda zai kashe su. Good News ta 1976 ko NIrV sun fi, jimlolinsu gajeru ne. Ki zaɓi labari mai mutane da tafiya da aukuwa: ɓatacciyar tunkiya a Luka 15, Basamariye mai tausayi a Luka 10, mai shuka a Markus 4. Labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, zai iya ɗaukar wata biyu shi kaɗai, ɗalibai Musulmi ma sun san shi ta nasu littafin, don haka hankalinsu zai tafi ga harshen. Wasiƙar Romawa da Wahayin Yahaya ba na wannan mataki ba ne. Kowane zama aya takwas zuwa goma sun isa, sababbin kalmomi kada su wuce goma.

Minti 90 ɗin kuwa ga yadda ake yanka su. Goma na farko bitar darasin baya. Sha biyar na sababbin kalmomi, da hoto ko da nuni, ba da dogon bayani ba. Sai ki karanta labarin sau biyu a hankali, takardunsu a kife, minti goma. Sha biyar su karanta wa juna biyu-biyu, ke kina zagayawa kina saurare. Sha biyar na ƙa'idar nahawu guda ɗaya tak da aka ciro daga labarin; labaran nan cike suke da aikatau na abin da ya wuce, irin su "went", "saw" da "found", waɗanda su ne ke ba mai koyo wuya. Sha biyar kowa ya maimaita labarin da bakinsa. Goman ƙarshe shifta, jimla uku. Ki lura da ma'aunin nan: idan muryarki ta cinye fiye da sulusin lokacin, wa'azi kika yi, kuma mai zuwa koyon magana bai yi magana ba.

Akwai tuntuɓen da za ki tarar. Bahaushe yana haɗa "p" da "f", sai "pan" da "fan" su zama ɗaya. Ki sa su riƙe 'yar takarda a gaban baki, ta motsa da ƙarfi idan sun furta "p". Ki fara gyara naki bakin kafin nasu. Waɗanda suka yi Faransanci kuma kalmomi masu kama da juna ke ruɗa su: "library" ɗakin karatu ne, amma mai kama da ita a Faransanci kantin sayar da littattafai ce.

Zancen bangaskiya kada ki cusa shi cikin minti 90 ɗin. Ki ware masa rabin awa bayan an tashi, da Hausa, ga wanda ya ga dama, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda muke da shi cikakke tun 1932. Dalilin yana da nauyi. Mai kalmomin Turanci ɗari uku ba zai iya musu da ke ba, ba zai iya faɗin shakkarsa ba. Abin da ya iya shi ne "yes". Ga kuma kara, ba a ce wa malami a'a. Nan ne baƙi da yawa ke yin kuskure, su ƙirga waɗannan "yes" ɗin su aika rahoto gida cewa mutane sun ba da gaskiya. Wanda ya tashi ya tafi bayan darasi kuma, gobe ki tarbe shi da fara'a irin ta jiya. Kada ki ɗora hoton ɗalibai a Facebook ko zauren WhatsApp na masu tallafa muku, don hoto ɗaya na iya jawo wa mutum fitina a gidansu. Yaro kuma ba ya shiga sai uba ko waliyyi ya zo da kansa ya ji abin da ake karantawa.

TAMBAYA: Kuɗin da ɗalibai za su biya zai iya riƙe ni, kamar yadda Bulus ya riƙe kansa da ɗinkin tanti? Mai bishara daga Tambuwal.

AMSA: Malam, Bulus ya yi haka a Koranti tare da Akila, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:3, amma sana'a ce da ya ƙware a kai. Ajin mutum 12 a gari irin Ƙonni zai biya alli, hoton takardu da ruwan sha, ba zai biya haya ba. Duk da haka a karɓi ɗan wani abu, don abin kyauta ba a kiyaye lokacinsa. Tallafin wata uku ya kasance a hannunka kafin ka tashi, domin alkawarin baiko yakan yi ƙarfi a watan farko ya yi sanyi a na huɗu, naira kuma tana hawa da sauka a kan sefa. Ka koyi ƙirgen can: da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, in an ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi.

TAMBAYA: Ni Musulmi ne. Ɗan ƙanena a Yamai ya shiga ajin Turanci na kyauta, sai da ya yi mako uku aka fito da Baibul. Wannan ba yaudara ba ce? Alhaji daga Gwadabawa.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba Alhaji. Idan ba a gaya masa tun ranar farko ba, yaudara ce, ba mu da wani suna da za mu ba ta. Nassin Kirista kansa ya hana: 2 Korantiyawa 4:2 ta yi tir da ɓoye-ɓoye da makirci a aikin bishara. A Yunin 2011 kuma Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗar addinai da Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Bishara ta Duniya sun fitar da takarda ɗaya a Janiba, wadda ta ce kada Kirista ya yi shaida ta hanyar ruɗi, tilas, ko amfani da talauci da buƙatar mutum. Yaron yana da ikon ya tuna wa malamansa wannan.

Akwai masu yin aikin a fili da gaskiya, kuma ana gane su da amsar tambayoyi huɗu. Wa ya shirya ajin? Wane littafi ake karantawa? Wanda bai tsaya wa zaman addini ba, ana ci gaba da koya masa kamar kowa? Akwai kyauta, aiki ko alkawarin tafiya waje da aka ɗaura wa halarta? Ki-ki-ka-ka a kan ta uku ko ta huɗu ya isa ya sa a janye shi. Idan Turancin yake so zalla, Yamai tana da cibiyoyin koyon harshe na kuɗi da sashen Turanci a Jami'ar Abdu Mumuni. Mahaifinsa ya raka shi su tambayi kuɗin zango da lokutan darasi.