Ƙarar gargaɗin tayoyi ta daina tashi a jirgina

Tambaya: Malam, ina tuƙa ƙaramin jirgi Piper Arrow daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III a Sakkwato. Kwanan nan ko na ja totur baya tayoyi suna naɗe, ƙarar gargaɗi ba ta tashi. Fitilu uku masu kore da ke nuna tayoyi sun kulle a ƙasa kuwa lafiya lau suke. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, na fi tsoron wannan shiru da a ce ƙarar ta dame ka ba dalili, domin aikinta shi ne ta tuna wa matuƙin da ya manta sauke tayoyi kafin cikin jirgi ya goge kwalta. A Arrow tana tashi idan matsin iskar injin ya sauka ƙasa da kusan inci 14 alhali tayoyi ba su kulle a ƙasa ba.

Fara da mai sauƙi. Duba ko fis ɗin layin ya fito. Sannan cire abin kunnenka ka saurara, don waɗannan na zamani masu kashe hayaniya sukan haɗiye ƙarar.

Amma ni inda na fi zargi shi ne ɗan makunnin da ke jikin totur. Ƙarami ne ƙwarai, sandar totur ce ke danna shi idan ta dawo baya. Girgizar injin takan sassauta notinsa ya goce, har sandar ta riƙa wucewa ba ta taɓa shi. Ga kuma ƙurar hunturun Sakkwato, wadda ke haɗuwa da maiƙo ta daskare a bakinsa. Wani lokaci makunnin lafiyarsa ƙalau, waya ce ta tsinke daga bayansa.

Injiniya zai ɗora jirgin kan jak, ya naɗe tayoyi, ya ja totur, ya auna ko wuta na isa ham ɗin da ke fitar da ƙarar. In tana isa amma shiru, ham ɗin ne ya mutu. In ba ta isa, sai a bi waya zuwa makunnin.

Saitin kuma ba a gama shi a ƙasa. A sama, nesa da doron ƙasa, za ka ja totur a hankali har allurar ma'aunin matsin iskar injin ta kai inda littafin jirgin ya ce, ka sa alama a wurin, injiniya ya daidaita makunnin da alamar. Kada ka taɓa shi da kanka. Injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ne zai gyara ya sa hannu a littafin gyara kafin ka sake ɗaukar fasinja.