Wai da gaske ne Johannesburg sansanin masu haƙar zinari ne da farko?

Malam, wanda ya faɗa maka haka a Samaru bai yi ƙarya ba wallahi. Kafin 1886 gonakin Boer, wato turawa manoma na Afirka ta Kudu, ne kawai a wurin, sai ciyawa da shanu, ko kogin kirki babu. A shekarar ne wani George Harrison ya ga dutse mai zinari a gonar Langlaagte, kan tudun Witwatersrand, kafin ka ce kwabo mutane sun cika wajen da tantuna da amalanken shanu. Ɗaya daga sansanonin farko sunansa Ferreira's Camp, sunan wani kanar Ignatius Ferreira. A watan Satumba gwamnatin Paul Kruger, shugaban ƙasar Boer ta Transvaal a lokacin, ta buɗe filin wa masu haƙa.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne zinarin nasu ba irin na Birnin Gwari bane da za ka wanke ƙasa a kwano ka gani, a cikin dutse yake, kuma da suka yi ƙasa sai ya ƙi rabuwa da dutsen, harka ta kusa mutuwa har sai wajen 1890 da aka kawo dabarar sinadarin sayanayid mai raba zinari da dutse, to daga nan fa ƙaramin mai haƙa ya fita lissafi, manyan kamfanoni suka kwashe komai, baƙaƙen fata kuma su ne leburorin cikin rami kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

Jirgin ƙasa ya iso 1892. Shekara 10 kacal bayan gano zinarin mutanen garin sun kai wajen 100,000. Zulu har yau eGoli suke ce masa, wato wurin zinari.