Tambaya da Amsa: Barcin Jariri da Kukan Dare

Tambaya daga wata uwa a unguwar Bagalam, Maraɗi: Ɗana na fari yana da wata biyu. Ba ya haɗa awa uku yana barci da dare, kuma da na sauke shi kan katifa sai ya fashe da kuka. Maƙwabta sun ce ni na ɓata shi da ɗauka, in bar shi ya yi kuka har ya gaji. Wata kuma ta ce nonona ne ba ya isarsa, in ƙara masa ruwa.

Amsa: Allah ya raya, ƴar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ɗauka ba ta ɓata ɗan wata biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a dare da yini, amma a gutsuttsure yake yinsa. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma saurin narkewa gare shi, shi ya sa yake neman tsotso sau 8 zuwa 12 a kwana. Tsotson daren nan ma shi ke ƙara kawo ruwan nono. Idan yana jiƙa ƙyalle sau 6 ko fiye a kwana, kuma nauyinsa yana hawa a wurin awo, to nono yana isarsa. Ruwa kuwa, ko a zafin Afirilu kada ki ba shi kafin wata 6. Yana cika masa ciki ba abinci, yana kuma iya kawo zawo.

Batun farkawa in an sauke shi, ga dalili. Jariri da barci marar nauyi yake farawa: za ki ga fatar idonsa tana rawa, bakinsa yana motsi kamar mai tsotso. In kin sauke shi a lokacin, tashi zai yi. Bayan ya sha, ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa, ki riƙe shi kamar minti 20. Ki ɗaga hannunsa a hankali. In ya saki jiki hannun ya faɗo, barci ya yi nauyi. Sai ki sauke shi yana manne da ƙirjinki, ɗuwawu su fara taɓa katifa, sannan baya, kai daga ƙarshe. Kada ki zare hannu nan take, ki bar tafinki kan ƙirjinsa minti biyu ko uku.

Da hantsi ki fito da shi inuwar tsakar gida ya ga haske, ya ji daka da hayaniyar yara. Da dare ki rage fitila, kada ki haska masa tocilar waya a fuska, ba wasa ba hira. Wajen wata 3 zai fara bambanta dare da rana.

Tambaya daga wata kaka a Tibiri: Ɗiyata ta zo wankan gida, da hunturu za ta haihu in Allah ya yarda. Mu dai mun saba a sa kaskon garwashi a ɗaki, a kwana da jinjiri a gado ɗaya. Akwai laifi?

Amsa: Inna, Allah ya sauke ta lafiya. Kwana kusa da uwa alheri ne, tana jin motsinsa kafin ya kai ga kuka. Kaskon ne muke roƙonki ki fitar. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Manya su tashi da ciwon kai da jiri, jinjiri kuwa yana iya rasa ransa cikin barci. A ɗumama ɗaki da tagar a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa su ma su tsaya a waje.

A kwantar da shi rigingine kullum, ba rub da ciki ba, ba kan gefe ba. Katifa ta zama mai tauri, ba matashin kai, ba bargon manya kusa da fuskarsa. Riga ɗaya a kan abin da uwar ta sa ta wadatar. A taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage. Yayyensa kada su kwanta gefensa, kada kuma uwa ta yi barci da shi a kan kujera. In bakwaini ne, ko nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ko akwai mai shan taba a gadon, ko uwar ta sha magani mai sa barci, a yi masa shimfiɗarsa dabam dab da gadonta. Gidan sauro kuma dole ne, rani da damina, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo masa a fuska ba.

Tambaya daga wani magidanci a Tasawa: Ɗiyarmu ƴar wata takwas ta koma tashi sau huɗu da dare. An ba ni shawarar wani maganin mura na ruwa mai sa yara barci. In saya?

Amsa: A'a, Malam, kada ka saya. Irin waɗannan magungunan, musamman mai suna prometazin, an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba domin yana iya danne numfashi. Zuma ma kada a ba ɗiyarku sai ta cika shekara. Wajen wata takwas yaro yake fara gane cewa uwarsa ta bar wurin, ga haƙora, ga koyon rarrafe, sai barci ya rikice na ƴan makonni. Ku tsayar mata da tsari guda bayan magariba: abinci, wanka da ruwan ɗumi, nono, sai goyo ko jijjiga a hankali. In ta farka ba da yunwa ba, kai ka karɓe ta ka zagaya da ita, maiɗakinka ta samu ta runtsa. In ranka ya ɓaci, ka ajiye ta wuri mai aminci ka fita ka sha iska. Girgiza jariri da ƙarfi yana fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa. Amma in kukan ya zo da zazzaɓi, ko ta ƙi nono, ko tana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye.