Wa ke bin sawun abubuwan da ke yawo a sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan magariba muna zaune a ƙofar gida a Unguwar Rogo, Jos, sai muka ga ƙananan fitilu a jere suna ratsa sama kamar ayarin raƙuma. Ƙanena ya buɗe wata manhaja a wayarsa, ta faɗi sunansu da lokacin da za su sake wucewa washegari, kuma haka aka yi. Wa ke bin sawunsu, kuma tun yaushe?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Bisa kwatancenka, sababbin taurarin ɗan'adam na Starlink, masu ba da intanet, ne da ba su gama rarrabuwa ba bayan an harba su. Wayar ƙanenka kuwa ba ganinsu ta yi ba, lissafi ta yi. Babu mai zuba wa kowane tauraron ɗan'adam ido dare da rana. Ana hango shi 'yan lokuta, a auna inda yake da gudunsa, daga nan a lissafa inda zai kasance gobe.

Aikin ya samo asali ne ranar 4 ga Oktoba, 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1, tauraron ɗan'adam na farko. Yana fitar da ɗan sauti ta rediyo, har masu sha'awar rediyo suna kama shi a gidajensu. Wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka lura sautin yana canzawa, kamar yadda jiniyar mota ke sirancewa idan ta tunkaro ka, ta yi kauri idan ta wuce. Da wannan canjin kawai suka fitar da hanyar da yake bi. Daga baya aka juya dabarar: idan an san inda tauraro yake, ai za a iya sanin inda mai sauraronsa yake. Nan aka samo tsarin Transit, kakan GPS ɗin da ke wayarka.

Bayan mako uku batirin Sputnik ya mutu, sai ido ya karɓi aikin. Masanin taurari Fred Whipple ya riga ya shirya 'yan sa-kai a ƙasashe da dama, su jeru da almuru da ƙananan madubin hangen nesa, wanda ya ga tauraro ya rubuta lokacin. Duk wanda ya taɓa fita duban watan azumi ya san irin wannan zama. Aka kuma girka manyan kyamarori 12 da ake kira Baker-Nunn a sassan duniya.

Ga abin da nake mamakin yadda ba a cika faɗa wa yaranmu ba: Kano na cikin wannan tarihi. Kumbo mai kewaya duniya cikin kusan minti 90 ba ya daɗewa a saman tasha guda, don haka hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, NASA, ta jera tashoshi a faɗin duniya, ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin waɗanda suka yi magana da shi.

Tauraro mai rai ba ya ba da wahala, shi ke sanar da kansa. Haka hukumar sararin samaniyar Nijeriya, NASRDA, ta riƙa magana da tauraron NigeriaSat-1 daga tasharta ta Abuja bayan an harba shi a 2003. Matsalar tana ga matattu: gangar roka, tauraron da ya daina aiki, guntun ƙarfe. Waɗannan sai na'urar rada ta harba musu igiyar rediyo ta jira ta dawo. Amurka ta yi amfani da wani shingen rada, wato jerin na'urorin da ke gano abin da ya gifta ta samansu, daga 1961 zuwa 2013, sabonsa kuma ya fara aiki a 2020 a tsibirin Kwajalein da ke tekun Pasifik. Na can nesa, wajen kilomita 36,000, inda taurarin talabijin suke, galibi da madubin hangen nesa ake bin su.

An ƙara ɗaukar abin da muhimmanci bayan 2007, da Sin ta tarwatsa tsohon tauraronta da makami ya zama gutsattsari sama da 3,000, sai kuma 10 ga Fabrairu, 2009, da tauraron Amurka Iridium 33 ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Cosmos 2251 a saman Saberiya. Abin da ke gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ko girman goro ne, ya isa ya fasa kumbo.

Sojojin Amurka ke riƙe da babbar rajistar da galibin manhajoji ke ɗiba, kowane abu da lambarsa. Bayanin yana tsufa da wuri, domin siririyar iskar da ke can sama tana rage wa tauraro gudu, don haka ka ce wa ƙanenka ya riƙa sabunta manhajar kafin ku fito kallo. Ya kuma nemi lamba 5, Vanguard 1 ke nan, tauraron Amurka da aka harba a Maris na 1958. Ya yi shiru tun 1964, amma har yau yana kewayawa, kuma ana bin sa.