Ruwan facin taya ya ci wilin babur: shin mai faci zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai faci ne. Ina sayar da ruwan nan da ake ɗura wa taya ya toshe hudar ƙusa da kansa. Bara na ɗura wa wani ɗan acaɓa a tayarsa marar tiyub. Yanzu ya dawo iska na zurarewa, da muka cire tayar sai ga cikin wilin ya cinye. Ya ce sai na saya masa sabo. Na taɓa jin ana cewa ruwan yana cin wili, amma ban gaya masa ba. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗan'uwa, da ka faɗi abin da bai goyi bayanka ba, domin a kansa hukuncin ya rataya.

Sayar da wannan ruwa halal ne. Allah Ya halatta ciniki a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, kuma amfaninsa sananne ne: idan ƙusa ta huda gadon taya, iska ce ke tunkuɗa ruwan da zaruruwan cikinsa cikin ramin su cushe shi. Sai dai galibinsa da ruwa ake haɗa shi, wani nau'in kuma, mai ƙaron roba, da sinadarin amoniya, wanda ba sa shiri da alminiyam. A taya mai tiyub ruwan yana cikin tiyub ne. A marar tiyub kuwa yana gogar wilin kai tsaye, kuma duk inda ƙarfen ɓanɓare taya ya kankare fenti, nan ɓarnar ke farawa. Ƙarfe ya yi tsatsa, alminiyam ya yi farin gari da 'yan ramuka. Idan abin ya kai inda bakin taya ke zama, iska ta samu hanya. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta wa'adi a jikin kwalba: na gaggawa kwanaki kaɗan, wani kuma har shekara 2.

To, ka ji wannan magana, ka yi shiru. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji lema a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Lemar da ke cikin taya ta fi waccan ɓuya, don mai babur ba zai gan ta ba sai ranar da aka cire. Kai ne idonsa a wannan wuri.

Game da biya, Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a suna lamunin abin da suka ɓoyu da shi, wato kayan da suka yi aikinsa ba a gaban mai shi ba, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Faci yawanci a gaban mai shi ake yi, don haka ba ta wannan ƙofa za a kama ka ba. Ta ƙofar ruɗi da sakaci ne. Malaman Malikiyya sun ce ruɗi na baki kawai ba ya wajabta biya, amma idan ya haɗu da aikin lada yana wajabtawa. Kai kuwa ka karɓi kuɗi, da hannunka ka ɗura. Da ka gaya masa ya ce ya ji ya gani, ko ka faɗa masa wa'adi ya ƙetare, da babu komai a kanka.

Amma ba a yanke hukunci da zato. Damshin iskar injin busa taya da ruwan sabulun ɗora taya su ma suna taruwa a ciki, kuma ta yiwu wilin da ciwonsa ya zo maka. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ku kai wilin wurin ƙwararru biyu amintattu su duba. Idan suka tabbatar ruwan ne sanadi, sai a dubi girman ɓarnar. In kaɗan ce, ka ɗauki nauyin gogewa da fenti, ka biya abin da ya ragu a darajarsa. In ta kashe amfaninsa, yana da zaɓi: ya karɓi ƙimarsa ya bar maka shi, ko ya riƙe shi ya karɓi gibin. Ƙimar kuma ta wili irin nasa ce, wanda ya sha hanya, ba ta sabo fil ba. Ina ganin ku yi sulhu a gaban shugabannin sana'arku, zai fi muku sauƙi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, fiye da maganar kuɗi, shi ne fasinja. Mutumin nan mata da yara yake goyawa, kuma tayar gaba in ta sace ana cikin gudu, rai ake magana. Kada ka mayar masa da taya kan wilin da ƙwararru suka ce ya mutu, ko da ya roƙe ka. Shi ma ka gaya masa bai halatta ya shafe ramukan da fenti ya sayar da babur ɗin ba tare da ya bayyana aibin ba; mai saye na da haƙƙin mayarwa.

Daga yau, ka karanta rubutun kwalba, ka faɗa wa kowa wa'adin kafin ka buɗe bawul.

Wallahu a'alam.